Jinin Iyatu Ya Ƙi Sauka

Shafi na 23

Masu turo mini "har yanzu shiru?" tun ranar Laraba, duk na gani, aiki ne ya danne ni. Ke kuma da kika ce na tsani Rekiya shi ya sa nake gasa mata aya a hannu, Allah ya shirye ki, ba ni na ɗora mata ba. Ku gyara zama.

*

Karo na uku ke nan da aka ɗaura wa Iyatu abin awon jini a damtse, karo na uku kuma injin ya ba da amsar da ya ga dama.

Rekiya ba ta wahalar da wuyanta wajen leƙa lambar ba. Shekara bakwai tana kawo mahaifiyarta wannan ɗakin duk farkon wata, fuskar likita kaɗai ta ishe ta labari. Ta jingina da bango, takalmin aiki a ƙafarta, don tun asuba ta baro garin Sheda ko ruwan shayi ba ta kurɓa ba.

Dakta Andrew ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Mama, ɗari biyu da goma a kan ɗari da ashirin. Wannan ba jini ba ne, rigima ne."

Iyatu ta gyara mayafinta. "To likita, ya muka iya da ikon Allah?"

"Allah ɗin ya ba mu magani kuma. Kina sha?"

"Ina sha."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

"Yau fa?"

"Yau dai ban sha ba. Yarinyar nan ta azalzale ni muka fito."

Ya juya wajen Rekiya. "Madam, me ya faru jiya?"

"Mariya ce ta kira ni, maƙwabciyar rumfarta a kasuwar Gudu. Ta ce Inna tana auna wa wata mata kuka, mudu ya suɓuce daga hannunta na hagu. Ta ɗauka ya sake faɗuwa. Wai har bakinta ya ɗan karkace, kamar minti biyar, sannan ya dawo daidai."

"Gajiya ce," in ji Iyatu. "Mariya dai da ƙarin gishiri."

"Ba gajiya ba ne, Mama, warning ne." Ya jawo kujerarsa kusa da ita. "Zuciya famfo ne, jijiya kuma tiyo. In ruwa ya yi ƙarfi shekara da shekaru, tiyo zai gaji, wata rana ya toshe ko ya fashe. In a cikin kai ya faru, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Abin jiya ƙwanƙwasa ƙofa ya yi. Ba na so ya shigo."

Ya buɗe fayil ɗin, wanda ya yi kauri har an ɗaure shi da zare.

"Magani huɗu kike sha. Four! Amlodifin yana buɗe jijiya. Lisinofiril yana hana ta matsewa. Ƙaramin nan yana fitar da ruwa da gishiri ta fitsari. Atenolol yana rage wa zuciya gudu. Ko bijimin sa aka ba wannan, jininsa zai sauka. Mama, ƙafa yana kumbura?"

"A'a."

Ya sunkuya ya danna idon sawunta da babban yatsa. Fata ta dawo yadda take.

"Tari fa? Busasshe, wanda ba majina, mai ƙaiƙayi a maƙogwaro?"

"Ban taɓa yi ba."

"Fitsari da yawa?"

"Kamar na kowa."

"Jiri in kin miƙe tsaye?"

"Babu."

Ya kama tsintsiyar hannunta yana kallon agogo. "Bugun zuciya ninety-eight. Da atenolol a jiki." Ya girgiza kai. "Ba dole kowa ya samu waɗannan ba. Amma magani huɗu, a ce ko alama ɗaya bai bari ba?"

Ya zuba mata ido. Ita kuwa ta zuba wa kalandar bango nata idon, kamar an ce mata jarrabawa za a yi mata a kai.

Ran Rekiya ya sosu, don ta ji inda zancen ya dosa. "Dakta, in zargi kake, ni nake zuba mata su da hannuna a ɗan akwatin nan mai gida bakwai. Duk Asabar ina zuwa. Ban taɓa tarar da ko ƙwaya ɗaya ta rage ba."

"Okay. To jinin ne mai taurin kai." Ya fara rubutu. "Zan riƙe ta kwana uku. Sister Naomi za ta ba ta duka huɗun a zagayen ƙarfe biyu, da na biyar da zan ƙara yanzu, mu gani da idonmu. Ki je gida ki kawo mata kaya. Ki haɗo duk maganin da ke gidan, har kwalayen."

A nan ne Iyatu ta saki kalanda.

"Likita, a bar ni na koma gidana. Malam ba ya cin girkin kowa."

"Inna, don girman Allah," in ji Rekiya, muryarta a ƙasa. "Na gaji."

Sai da Sister Naomi ta zo da keken tura marasa lafiya, sannan Iyatu ta kamo gefen gyalen 'yarta.

"Zani biyu ya isa, da butata. Akwatin maganin nan kuwa ki bar shi, ba sai kin sha wahalar nema ba. Ai suna da irinsa a nan."

Rekiya ta ce to, ba tare da ta saurara ba. Hankalinta yana kan yadda za ta sake kiran oganta ta roƙi kwana uku.

*

A cikin tasi ta kifa kai a jikin gilashi, shekarun suka riƙa wuce mata ɗaya bayan ɗaya.

A 2017 aka fara. Lokacin ba ta daɗe da samun aiki a ɗakin gwaje-gwaje na Sheda ba, tana ji da sabon ilimi kamar ita ta ƙirƙiro shi. Inna ta yi haɓo a kasuwa, aka auna, aka ce hawan jini. Ƙwaya ɗaya tak aka rubuta, kuma a wata uku jinin ya sauka ya kwanta lafiya lau. Rekiya har kaza ta yanka.

Shekara ɗaya aka samu ta daɗi. Daga tsakiyar 2018 jinin ya ɗaga kai, bai kuma sake sunkuyawa ba. Aka mai da ƙwaya biyu, ya ƙi. Shekarar da aka kulle gari saboda annoba, sai da Rekiya ta yi ta nuna katin aiki a shingen jami'an tsaro kafin ta iso da ta uku. Bara aka ƙara ta huɗu.

Babu abin da ba ta yi ba. Ta kwashe gishirin gidan ta kai wa maƙwabta. Ta yi wa Inna rantsuwa a kan dunƙulen miya, har suka yi sati ba sa ga maciji. Ta sayo injin awo na gida. Ta hana ta soyayyen nama ranar Sallah, a gaban baƙi, abin da har yau in ta tuna sai ta ji kunya ta rufe ta. Duk ranar asibiti ta tsaya gaban oganta tana murza hannu, shi kuma ya ce "Again?" ba tare da ya ɗago kai ba. Mijinta Lukmanu tun yana cewa Allah ya ƙara sauƙi har ya koma cewa a gaishe su.

Abin da ya fi cinye ta shi ne rashin sanin dalili. Ita da aikinta shi ne a zuba abu kaza a samu sakamako kaza, ga shi ta zuba shekara shida babu abin da ya fito. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

*

Tun daga bakin get ta jiyo tarin Baba.

Ƙyal, ƙyal, ƙyal. Tarin da ya zama kamar sallamar gidan. An yi zuma, an yi citta, an yi lemon tsami, an ce sanyin na'urar mota ne, har an gaji an bar shi da abinsa.

Malam Datti direba ne a wata ma'aikatar tarayya, shekara talatin da huɗu da 'yan kai. Satin nan ogansa ya yi tafiya, don haka sa hannu kawai yake zuwa yi ya dawo. Ta same shi a tsakar gida kan 'yar kujera, ya naɗe ƙafar wando zai yi alwalar azahar.

"Uwata, ya jikin nata?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Sun riƙe ta, Baba. Kwana uku."

Butar ta tsaya a hannunsa. "Riƙewa kuma?"

"Kaya na zo ɗauka."

Ta shige ɗakin Inna. Zani biyu, hijabi, buta, carbi, filas. Ta duba kan durowa inda take ajiye akwatin maganin duk Asabar, babu shi. Ta ɗaga filo, ta buɗe kwalla, ta leƙa ƙarƙashin gado har ƙura ta shiga mata hanci.

"Baba, ina akwatin maganin Inna?"

"Wane akwati?"

"Mai gida bakwai. Shuɗi."

"Ina zan sani? Kayan mata."

Ta fito tana kaɗe gwiwa. Daidai lokacin ya gama wanke ƙafa ya yunƙura zai miƙe, sai ya yi luu, ya dafe bango da sauri ya runtse ido. Ya ɗan jima a haka yana jiran duniya ta daina juyawa.

Sau dubu ta ga wannan. Tsufa ne, in ji shi, ita ma ta yarda. Amma yau tambayoyin Dakta Andrew ba su gama fita daga kunnenta ba. Idonta ya sauka kan ƙafafunsa. Sun yi suntum, har igiyar silifas ta nutse a cikin nama ta bar shaida. Ya sake yin tarin, busasshe, babu majina.

Jikinta ya yi sanyi tun daga tafin ƙafa.

"Baba, sau nawa ka zaga yau?"

"Wace irin tambaya ce wannan za ki yi wa ubanki?"

Ta wuce ɗakinsa, ɗakin da rabonta da shiga tun kafin aurenta. Jakar aikinsa tana rataye a ƙusa. Ta zuge. Lasisin tuƙi, tocila, goro a ƙulle, tsumman goge gilashi. A can ƙasa, naɗe cikin hular sanyi, ga ɗan akwatin shuɗi. Yau Talata. Gidan Lahadi babu komai, na Litinin babu komai, na Talata ma babu komai, alhali Inna ta ce yau ba ta sha ba.

Ta fito da shi a tafin hannu. Ta miƙa masa kawai.

Malam Datti ya kalli akwatin ya kalli 'yarsa. Ya koma kan kujerar ya zauna a hankali. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Rufe get ɗin," ya ce.

Ta rufe ta dawo.

"Tun yaushe?"

"Zauna, Uwata."

"Baba, tun yaushe?"

"Shekara shida."

Sai ta zauna ɗin, a ƙasa, kan siminti mai zafi.

"Kin tuna Kure?" ya ce. "Abokin aikina, mai kawo muku rake."

Ta gyaɗa kai.

"A 2018 aka fito da doka, duk direba sai an duba lafiyarsa. Kure ya riga ni shiga. Shekara ashirin da biyu yana jan mota, ko kaza bai taɓa takawa ba. Aka auna shi aka rubuta a fayil. Sati bai zagayo ba aka karɓe makulli, aka ajiye shi a benci bakin gareji, yana kallon yaran da ya koya wa tuƙi suna fita da motarsa. Da safe ya zo ya zauna, da yamma ya tashi ya tafi. Wata biyar ya yi a haka. Mutane suna cewa hawan jini ne ya kashe Kure. Ni na san benci ne."

Ya yi tari ya share baki.

"Saura kwana goma a kira ni, na biya rumfar innarku. Ga mai yawo da injin awo yana bi layi-layi. Ta ce ya gwada ni, da wasa. Ɗari da tamanin. Ranar ban iya cin tuwo ba. Ita ce ta kawo mini nata ta ce, Malam sha na kwana goman nan, in ka tsallake sai ka bar mini abina."

"Ka tsallake."

"Na tsallake. Ciwon kan da na shekara ina fama da shi ma ya tafi. Da na daina sha sai ya dawo. Muka koma yau ni, gobe ita."

"Daga nan fa?"

"Daga nan aka ƙara mata mai sa fitsarin nan. Kin san bayin kasuwa yana can ƙarshen layi, ga ba mai tsare mata rumfa, ga alwalarta ba ta kaiwa daga azahar zuwa la'asar. Ta ce ita ba ta jin ciwon komai, ni nake da ciwon kai, ni nake jan mota, in riƙe duka. Ta ce nata jinin na tunani ne. Muddin makulli yana aljihuna, tunaninta a kwance yake. Tana shan zoɓo ba sukari, tana haɗiyar tafarnuwa."

Rekiya ta yi wata dariya marar daɗi. "Zoɓo. A kan ɗari biyu da goma."

"Ba ta taɓa cewa wani abu na damunta ba."

"Ai ba ya faɗa, Baba! Shi ciwon nan ba ya sallama. Mutum yana cin abincinsa yana dariya, shi yana can yana cin ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa. Me ya hana ka je wani asibitin? Me ya hana ka shiga kemis?"

"Mai kemis ɗin layin nan ƙanin matar shugaban garejinmu ne. Kafin na iso gida labari ya riga ni ofis. Kuma na san wanne zan saya? Wanda likita ya rubuta ai shi ne magani."

"Ba kai ya rubuta wa ba!"

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba tunda aka haife ta. Su duka biyun sai da suka tsorata.

Ta sassauta, amma hawaye sun riga sun ɓalle. "Jinin Inna yake aunawa. Duk wata ya ga bai sauka ba sai ya ƙara ƙarfi, kai kuma kana shanyewa. Ƙwaya ɗaya wataƙila ta ishe ka, kana shan huɗu. Jirin nan jininka ne yake faɗuwa ƙasa. Tarin nan magani ne, kumburin nan magani ne, da likita ya gan ka da tuni ya canza maka wani. A haka kake ɗaukar mutane a mota har Kaduna?"

"Ranar doguwar tafiya ba na shan mai fitsarin."

"Inna lillahi."

Ta haɗa kai da gwiwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma mutum biyu aka faɗa tare, kowa yana ganin taimakon ɗan'uwansa yake yi. Haushi take ji, tausayi take ji, ta rasa wanne za ta fara ajiyewa.

"Shekara shida kuna kallona," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ina tasowa daga Sheda da asuba. Ina zuba ƙwaya ɗaya-ɗaya kamar mai shuka. Na hana ta nama a gaban mutane. Na ce mata mai taurin kai, Baba, uwata na ce wa haka. Kuna zaune kuna kallona."

"Ita ta ce kar a gaya miki. Ta ce ba ki iya ɓoye abu a fuska ba, likita yana ganinki zai gane."

"Yau ma ƙaryar na tsaya na yi mata shaida a gabansa."

Ta jawo wayarta daga jaka. Kafin ta buɗe, ya miƙo hannu ya dafe.

"Wa za ki kira?"

"Dakta Andrew."

"Uwata." Muryarsa ta karye. "Katin asibitin nan na ma'aikata ne. Sunana ne a sama, nata a ƙasa. In kika faɗa masa, rubutawa zai yi, aikinsa ke nan. Wata takwas ya rage mini. Wata takwas na miƙa makulli da hannuna, a yi mini addu'a, na fito ta ƙofar da na shiga. Kar ki sa a zaunar da ni a bencin nan da furfurata."

"Hannunta ya saki jiya, Baba. Bakinta ya karkace."

A fuskarsa ta gane ba a gaya masa ba. Ashe ɓoyon ma hawa-hawa ne a gidan nan.

"Ba ta faɗa mini ba."

"Ai ba za ta faɗa ba."

Ya janye hannunsa a hankali, ya zauna yana kallon ruwan alwalar da ke bin rariya.

"To ki bari na yi salla," ya ce. "Mu tafi tare. Na yi mata magana, mu san yadda za mu faɗa da bakinmu. Tana hannun likitoci ai, yau dai za ta sha maganin. Me zai ɓaci a minti goma?"

Ita ma a lokacin haka ta gani. Inna tana gadon asibiti, a karon farko cikin fiye da shekara huɗu magani zai shiga cikinta, ina laifi? Ga shi tun tana yarinya ba ta saba ya ce bari ta ce a'a ba. Ta ajiye wayar a cinya ta jingina da bango, ta bar shi ya shimfiɗa darduma.

Ta bi shi da ido raka'a bayan raka'a. A ta uku, da ya taso daga sujada, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya koma ya zauna daɓas. Ya jira, ya sake yunƙurawa, ya kasa. A zaune ya ƙarasa sallar.

Ba ta jira ya shafa addu'a ba. Ta danna kira.

Sai da ta kira sau biyu kafin Dakta Andrew ya ɗauka, da ƙarar motoci a bayansa.

"Dakta, Rekiya ce, 'yar Iyatu Datti. Ka yi gaskiya. Ba ta shan maganin."

"Na yi tunanin haka. Wanne take tsallakewa?"

"Duka."

"Duka? Tun yaushe?"

Ta kalli mahaifinta. Ya sunkuyar da kai, tafukansa a buɗe kan cinya.

"Rabonta da ko ɗaya ya fi shekara huɗu. Babana take ba wa."

Ta ji Dakta ya taka birki, wani ya danna masa hon.

"Madam, what's the time?"

Ta ɗaga wayar ta duba. "Biyu da minti ashirin da biyar."

"Jesus. Ki saurare ni. Wannan dose ɗin mun gina shi ne shekara da shekara, don jikin da muke zaton ya saba. In aka zuba biyar lokaci ɗaya a jikin da bai san ko ɗaya ba, jinin ba sauka zai yi ba, faɗowa zai yi. Kanta ya saba da pressure mai ƙarfi. In ya yanke farat ɗaya, jini ba zai kai ƙwaƙwalwa ba, abin da muke gudu shi zai same ta. Na fita, ina wajen Wuse, go-slow ya riƙe ni. Ki kira Naomi yanzu, ni zan kira likitan da ke duty. Kar a ba ta komai. Now!"

Sau biyu tana danna lambar da ba ita ba. Malam Datti ya rarrafo daga kan darduma yana tambayar me ya ce, me ya ce, ba ta ko kalle shi ba.

Ƙararrawa ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

"Hello, female ward."

"Sister Naomi! Rekiya ce, gado na shida, Iyatu. Kar ki ba ta maganin nan, don Allah kar ki ba ta!"

"Ah-ah, Anti, lafiya? Ai na ba ta tun kafin biyu, da ita na fara. Mama ta so ta yi mini wayo ma, ta ɓoye a kumatu, na ce buɗe baki na gani. Duka biyar ta haɗiye a gabana."

Rekiya ta dafa ƙasa da hannu ɗaya.

"Tana ina? Je ki duba ta. Je ki auna ta yanzu!"

Ta ji takun takalmi a kan tayil, da ƙarar labule da aka ja.

"Ba ta kan gado. Wait." Muryar ta yi nisa, tana tambayar wata. Ta dawo. "Ta gefenta ta ce ta tashi za ta yi alwala. Ta shiga bayi."

"Tun yaushe?"

"Wai ta ɗan jima."

Takun ya koma gudu. Sai bugun ƙofa, da tafin hannu, sau uku.

"Mama? Mama Iyatu!"

Rekiya ta manna wayar a kunne har ya yi zafi. Babu abin da take ji sai ruwan famfo yana zuba a can ciki, yana zuba, ba a kashe ba.

"Anti," in ji Naomi, muryarta ta canza gaba ɗaya. "Ta sa sakata ta ciki."